Jirgin Lilo: Kurakuran da Masu Hawa Suka Fi Yi da Yadda Za a Kauce Musu

Yawancin masu bin layi don hawa jirgin lilo, wato rola kosta, abu ɗaya ke faɗar musu da gaba: kada jirgin ya goce daga kan dogonsa ya yi jifa da su. Alhali wannan na cikin abubuwan da suka fi wuyar faruwa. In ka leƙa ƙarƙashin tarago za ka ga tayoyin kashi uku ne, wasu suna gudu a saman ƙarfen dogo, wasu sun dafe shi ta gefe, wasu kuma sun riƙe shi daga ƙasa. Tun 1919 wani Ba'amurke mai suna John Miller ya yi rajistar dabarar tayar ƙasan nan, ita ce ta ba jiragen damar yin tsalle da juyi ba tare da sun rabu da dogo ba. Ƙungiyar masu wuraren wasa ta duniya, IAAPA, ta ƙiyasta cewa a wuraren wasa na dindindin a Amurka, mummunan rauni ɗaya ake samu cikin hawa miliyan 15.5. Lissafin masu sana'ar ne da bakinsu, amma ko an rage masa wani abu ya nuna inda maganar ta dosa.

Haɗurran da suka faru kuwa, in ka bi su ɗaya bayan ɗaya, da yawansu labarinsu iri ɗaya ne. Na'ura ko doka ta ce a'a, wani mutum ya ce "ai ba komai". Wani lokaci mai hawa ne, wani lokaci uban yaro ne, wani lokaci ma'aikacin wurin da kansa.

Jirgi ya tsaya a sama, sai a ce ya lalace

Kullum ana ganin irin hotunan nan a Facebook da TikTok: jirgi cike da mutane ya tsaya cak a kan hawa, ana ta salati, a ƙasa an rubuta "sun tsallake rijiya da baya". Galibi ba abin da ya faru ke nan ba. An raba dogon jirgin lilo gida-gida, kuma ƙa'idar ita ce jirgi ɗaya kaɗai ke shiga kowane gida. A ƙarshen kowane gida akwai wurin da za a iya tsayar da jirgi, ko birki ko sarƙar da ke jan sa zuwa sama. Na'urori masu gane wucewar jirgi suna sanar da kwamfuta inda kowanne yake. Da zarar kwamfutar ta rasa tabbacin cewa gaba babu kowa, sai ta tsayar da na baya. Ko na'ura guda ce ta yi ƙura ta ba da labarin da bai yi daidai ba, tsayarwa za ta yi. Tsayawar nan aikinta ne take yi yadda aka tsara.

Abin da ya faru a wurin wasa na Alton Towers a Ingila ranar 2 ga Yuni 2015 ya isa misali. An tura tarago babu kowa a ciki don gwaji a jirgin da ake kira Smiler, iska mai ƙarfi ta rage masa gudu har ya kasa haye wani lanƙwasa, ya tsaya a tsakiyar hanya. Kwamfuta ta gane, ta riƙe taragon da ke biye, mai ɗauke da mutum 16, a saman hawa. Injiniyoyin da ke bakin aiki ba su san an ƙara tarago na biyar ba, sun ƙirga huɗu sun ga sun cika, sai suka ɗauka kwamfutar ce ke kuskure. Suka soke umarninta da hannu, suka saki jirgin. Ya je ya daki taragon da ke tsaye. 'Yan mata biyu sai da aka yanke wa kowaccensu ƙafa ɗaya, kuma a 2016 kotu ta ci kamfanin Merlin, mai wurin wasan, tarar fam miliyan 5. Ba ƙarfe ne ya karye ba, ba birki ne ya ƙi ci ba.

Don haka in jirgi ya tsaya da kai, zauna yadda kake. Kada ka yi kokawa da ƙarfen da ya riƙe ka, kada ka zare ƙafa ko hannu, domin jirgin na iya tashi ba tare da sanarwa ba. A gefen hawan akwai matakala, in saukewa ta kama ma'aikata za su zo su buɗe muku layi-layi. In kuma a ƙasa kake kana jira, don Allah kada ka shiga cikin masu yi wa ma'aikata ihu su yi sauri. Wannan matsin shi ke sa mutum ya yanke hukunci cikin gaggawa.

Mutanenmu kan tambaya, to in aka ɗauke wuta fa? Yawancin jiragen nan ba su da inji a jikinsu. Sarƙa ce ke kai su ƙololuwa, daga nan nauyinsu ke tafiyar da su har ƙarshe. Ƙarar ƙas-ƙas-ƙas da ake ji lokacin hawa wani ɗan ƙarfe ne ke faɗawa cikin haƙora, don ko sarƙa ta tsinke jirgin ba zai koma baya ba. Birkin kuma an yi shi ne yadda rashin wuta ke sa ya kama, akwai ma na maganaɗisu da ke rage gudu ba tare da ya taɓa jirgin ba.

Barin sarari a ƙarfen riƙo

Wannan kuskure na 'yan gaban goshin harkar ne, waɗanda suka saba. Mutum ya zauna, ya ɗan turo ciki ko ya ɗaga gwiwa lokacin da ake danna ƙarfen cinya, don ya samu sararin da zai ji yana shawagi in jirgi ya haye tudu. A daidai kan tudun nan jirgi na komawa ƙasa ne yayin da jikinka ke son ci gaba da tafiya sama, kuma babu abin da ke tsakaninka da iska sai wannan ƙarfe. Ya kamata ya kwanta a kan cinyoyinka sosai, kusa da ƙugu, ba a kan tumbi ba. Zauna ka jingina bayanka tukuna, sannan ka ja shi har ya matse. In ma'aikaci ya wuce bai taɓa naka ba, ɗaga hannu ka kira shi da ƙarfi kafin jirgi ya motsa. Babu kunya a nan.

Mai jiki kuma, a yi haƙuri da gaskiya. A Yulin 2013 wata mata ta faɗo daga jirgin New Texas Giant a jihar Texas ta rasu, bayan haka aka ƙara bel a kujerun aka kuma ajiye kujerar gwaji a bakin layi. A Maris 2022 a birnin Orlando na Amurka, wani yaro ɗan shekara 14 ya zame daga kujerar wani lilo mai faɗowa daga tsayin kusan mita 130. Bincike ya nuna an taɓa na'urar kujerar da hannu, yadda za ta nuna an kulle alhali sararin da ta bari ya wuce ƙa'ida, kuma nauyin yaron ya haura iyakar da masu ƙera lilon suka sa. Da an ce masa a'a a bakin ƙofa, da ransa zai ɓaci na yini ɗaya ne kawai. In akwai kujerar gwaji, gwada ta kafin ka shiga layi. In ba ta kulle cikin sauƙi ba, nemi wani lilon.

Haka batun tsayin yara. Manyan jirage kan nemi santimita 122, wasu 137 ko 140. Iyaye sukan cusa takarda a takalmin yaro, ko su ce ya ɗan ɗaga dunduniya, ko su tsaya roƙon ma'aikaci: "Haba ɗan'uwa, saura kaɗan ne fa, daga nesa muka zo." Ma'aunin nan ba na jarumtar yaro ba ne, na girman kujera ne da inda ƙarfe zai sauka a jikinsa. Yaron da bai kai ba na iya sulalewa ta ƙarƙashi. Auna yaranka a gida, ka duba shafin wurin kafin ka sayi tikiti, ka gaya wa ƙaramin tun a mota waɗanda zai hau da waɗanda sai baɗi.

Waya, hula da mayafi

A Ferrari World ta Abu Dhabi, inda masu zuwa Dubai da yawa kan leƙa, jirgin Formula Rossa na kai gudun kilomita 240 a awa, shi ya sa ake ba kowa tabarau na kariya, don a wannan gudun ƙwayar yashi ko ƙwaro ma na iya raunata ido. To ina ga waya? Wanda ya fito da ita don ɗaukar bidiyo ba kansa ya sa a haɗari ba, na kujerar baya ne zai karɓe ta a fuska. Wasu wurare, irin su Universal a Orlando, har na'urar gano ƙarfe suke sawa a layin wasu jiragensu. Saka waya da makulli da tsabar kuɗi a akwatin ajiya, ko ka bar wa wanda ba zai hau ba.

Shigarmu na bukatar ƙarin kula. Hula a cire, babbar riga a bar ta a masauki ranar, silifa kuma ba ta zama a ƙafa a jirgin da ƙafafu ke lilo a iska. Mata su zaɓi hijabi ɗan daidai mai kama fuska, a cusa bakinsa cikin riga, ba dogon mayafi mai tashi da zai iya naɗewa a taya ba. Dokar kowane wuri daban ce, gara a tambaya tun a ƙofa. A 2011, lokacin ƙaramar Sallah, rikici ya ɓarke a wurin wasa na Playland a jihar New York kan dokar hana hawa wasu lilo da abin rufe kai, har 'yan sanda suka kama mutum 15.

In abu ya faɗi, ya faɗi. Wannan ce maganar da na fi so a riƙe. A Agustan 2015 a wurin wasa na Cedar Point da ke jihar Ohio ta Amurka, wani mutum ya tsallake shinge don ɗauko wayarsa, jirgin Raptor ya buge shi ya mutu. A Yunin 2024 aka sake yin irin haka a Kings Island, wani wurin wasa a jihar, wannan karon makulli mutumin ya je nema ƙarƙashin jirgin Banshee. Duka biyun jirage ne da ke rataye a ƙarƙashin dogo, suna wucewa dab da ƙasa, kuma kafin kunne ya gane ta ina suke zuwa sun iso. Je ofishin cigiya ka ba da bayani, ma'aikata na zagaya wurin bayan an tashi.

Allon gargaɗin lafiya da ke bakin layi ma ba ado ba ne. A ƙasan gangara jiki na ɗaukar nauyi ninki uku zuwa huɗu na 'yan daƙiƙu, jini ya sauka ƙafa, wasu har ganinsu kan dushe. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai juna biyu, mai ciwon baya ko wuya da wanda bai daɗe da tiyata ba su haƙura. Mai lafiya ya sha ruwa sosai, musamman a zafin ƙasashen Larabawa, ya jingina kai da kujera, kada ya juya yana neman abokinsa a baya.

Yin shiru in an ga abin da bai dace ba

Ba duk laifi ne na masu hawa ba. A Mayun 2007 a Expoland ta Osaka a Japan, sandar tayar wani jirgi ta karye, wata budurwa ta rasu, aka gano shekara 15 ba a canza sandar ba. A Yulin 2017 a bikin baje kolin jihar Ohio, tsatsa ce ta cinye hannun wani lilo daga ciki har ya ɓalle. A Yunin 2023 jirgin Jetline na Gröna Lund a Stockholm ya goce, mutum ɗaya ya mutu, binciken hukuma ya ɗora laifin a kan wani ƙarfen da aka canza wanda waldarsa ba ta yi kyau ba. Irin waɗannan mai hawa ba zai gani da ido ba.

Amma akwai waɗanda ake gani. A ƙarshen Yunin 2023 a Carowinds ta Amurka, wani uba da ya kai yaransa ya hango tsagewa a saman ginshiƙin jirgin Fury 325, mai tsayin mita 99. Duk lokacin da jirgi ya wuce sai tsagewar ta buɗe. Ya ɗauki bidiyo, ya gaya wa ma'aikata, ya kuma kira 'yan kwana-kwana. Aka rufe jirgin, aka canza ginshiƙin, sai a Agusta aka sake buɗewa.

Sai dai a san bambanci. Ginshiƙai su ɗan yi rawa in jirgi ya wuce ba matsala ba ce, haka aka tsara su, musamman na katako. Abin damuwa shi ne tsagewa, noti da ya kwance, ƙarfen riƙo da aka ɗaure da waya ko tsumma, bel da ya tsufa ya yage, ma'aikacin da idonsa ke kan wayarsa lokacin da jirgi ke tashi, ko wanda ke cusa yara uku a kujerar mutum biyu. Wannan na ƙarshen an fi ganinsa a ranakun Sallah, lokacin da wuraren wasa ke cika maƙil kowa na son ya mai da kuɗinsa. Lilon da ake kwancewa a ɗaura daga gari zuwa gari shi ya fi bukatar ido, don kowace ɗaurawa dama ce ta mantuwa. Kafin ka ɗora yaranka, tsaya ka kalli zagaye biyu ko uku. Ka ga ana duba kowace kujera da hannu? Akwai shinge tsakanin lilo da 'yan kallo? Mai kula da na'ura yana tsaye kusa da maɓallin tsayarwa? In amsar a'a ce, karɓi hannun yaranka ku wuce, ka kuma sanar da manajan wurin abin da ka gani.

Masu wuraren su ma su sani, gwajin safe da tarago babu kowa, da duba tayoyi da birki kafin a buɗe ƙofa, da rubuta duk gyaran da aka yi a littafi, ba abubuwan da ake tsallakewa ba ne don layi ya yi tsawo. Kowane lilo yana zuwa da littafin masu ƙera shi, a ciki an faɗi iyakar nauyi, da lokacin canza kowane ƙarfe, da ƙarfin iskar da in ta kai dole a dakata. In hadari ya haɗo aka fara walƙiya, manyan jirage su ake fara rufewa saboda tsayinsu, kuma wurare da yawa ba sa mayar da kuɗin tikiti saboda ruwan sama, don haka duba hasashen yanayi da dokar wurin kafin ka biya.