Yadda Ake Sa Dukushi Mai Nawa Ya Saki Jiki Ya Yi Gaba

Kafin ka kira shi rago, fara duba lafiyarsa. Doki yana famfarar haƙoran gaba daga shekara 2 da rabi zuwa 4 da rabi, a tsakanin nan bakinsa yakan yi tsami, linzami ya dame shi. Sauke sirdi ka bi gadon bayansa da tafin hannu. In ya lanƙwashe ko ya kwantar da kunne, akwai ciwo a wurin. Duba kofato, duba kaska. In gashinsa ya tashi, yana ramewa alhali harawa da dusa ba su yanke ba, kira likitan dabbobi, don tsutsar ciki da sammore duk suna kashe wa doki jiki.

Lokaci ma abin lura ne. A Garwa ta arewacin Kamaru zafin Maris da Afrilu yana haura digiri 40, don haka bayan asuba ko bayan la'asar ake hawa. Ka nemi ƙasa mai ɗan tauri. Rairayi mai zurfi irin na mayo, wato kogi, a garin Marwa yana gajiyar da dukushin da ƙafarsa ba ta yi ƙwari ba.

To, in lafiyarsa lau, sai a koma kan mahayi, don yawancin nawar daga nan take fitowa. Za ka ga mutum yana dukan cikin doki da dunduniya a kowane taku, hannunsa kuma ya ɗaure linzami tam. Ƙafa ta ce tafi, hannu ya ce tsaya. Wanne zai bi? Daga baya sai ya daina jin ƙafar gaba ɗaya.

Ga yadda za ka gyara. Sassauta linzami tukuna. Matse shi da ƙafafu biyu a hankali, sau ɗaya, tare da sautin bakin da ya saba ji. In bai motsa ba, kar ka tsaya jira: taɓa shi da bulala sau ɗaya, daidai bayan ƙafarka. A ka ko a wuya kuwa, kul, baya zai ja. Da zarar ya yi gaba, saki ƙafar nan take, ka shafa wuyansa. Wannan sakin shi ne ladansa, da shi yake gane abin da kake nema.

Wani lokaci zai zabura da ƙarfi fiye da yadda ka so. Riƙe geza ko gaban sirdi, ka bar shi ya yi 'yan taku kafin ka tsayar da shi a hankali. Ina roƙonka kar ka fizge bakinsa a nan, don ka hukunta shi ke nan a kan abin da ka umarta. Bayan ya natsu, sake tambaya da matsi mai sauƙi. In ya amsa, an samu.

Riƙa sauya tafiya: taku, sassarfa, taku, tsayuwa. Minti 15 zuwa 20 sun ishe shi, kuma ka sauka a lokacin da ya yi daidai, tun bai gaji ba. Wasu ranakun ka fita kilisa da shi bayan babban doki mai kuzari, zai bi sawunsa da kansa.

Kaimi da linzami mai kaifi na hawan sallah a ƙofar fadar Lamiɗo ka ajiye su tukuna. Zamiya da sukuwa sai dokin da ya riga ya iya amsa ƙafa. Wannan naka ragama ko linzami mai laushi ya ishe shi a bana.