Gudu ko Ɗaga Ƙarfe? Yadda Ake Haɗa Su Don Rage Kitsen Jiki

Mai son rage teɓa yakan tsaya tsakanin shawara biyu. Wasu za su ce masa ya riƙa fita gudu da asuba har sai riga ta jiƙe sharkaf, wasu kuma su ce gudu wahalar banza ce, ya je ya ɗaga ƙarfe. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, domin aikin biyun ba ɗaya ba ne. Motsa jikin da ke sa haki, irin su gudu, tafiya da sauri, tuƙa keke, iyo da tsallen igiya, wanda ake kira kadiyo, shi ya fi cin kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, a cikin awa guda. Ɗaga nauyi kuwa shi ke tsare tsoka, ta yadda abin da zai zube daga jikinka zai zama kitse ne, ba naman jiki ba. Sannan dukkansu tasirinsu kaɗan ne idan cin abinci bai sauya ba.

Fara da lissafi

Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700. A gudu, mutum yana ƙona kusan kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita. Wato mai kilo 90 idan ya yi gudun kilomita 5, ya ƙona wajen 450. Sai ya yi irin wannan gudun sau 17 kafin ya narkar da kilo ɗaya, shi ma in bai ƙara ko loma ɗaya a kan abin da ya saba ci ba. Wannan mutumin in ya yi minti 45 yana ɗaga ƙarfe, abin da zai ƙona bai cika wuce 200 zuwa 300 ba, saboda yawancin lokacin a hutu tsakanin zagaye yake tafiya.

Akwai maganar da ake yawan yi cewa tsoka tana cin kitse ko kana barci. Haka ne, amma kaɗan. Kilo ɗaya na tsoka yana ƙona kalori kusan 13 a yini in ana zaune. Wanda ya sha wahalar watanni ya ƙara kilo biyu na tsoka, ribar da ya samu a yini ba ta kai ƙwayar suga biyu ba. Don haka ba wannan ne dalilin ɗaga ƙarfe ba.

Ainihin dalilin shi ne, idan mutum ya rage abinci kawai, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin da ya zubar yakan fito ne daga tsoka da sauran abin da ba kitse ba. Shi ya sa za ka ga wani ya rame, wuya ya yi tsawo, damtse ya saki, amma tumbin na nan. A shekarar 2012 masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka sun fitar da sakamakon gwajin wata takwas a kan mutum 119 masu ƙiba. Waɗanda suka yi kadiyo sun fi masu ɗaga ƙarfe zalla zubar da nauyi da kitse. Masu ɗaga ƙarfe sun ƙara tsoka. Waɗanda suka haɗa biyun sun samu duka, sai dai sun ba da lokaci kusan ninki biyu.

Mataki na farko: auna kanka

Sikeli kaɗai yana ruɗarwa. Nemi tef irin na tela ka auna ƙugunka daidai tsakanin ƙashin haƙarƙari na ƙasa da saman ƙashin kwankwaso, wanda a wajen yawancin mutane yake kusa da cibiya. A yi awon da safe kafin karin kumallo, bayan an saki numfashi, ba tare da shanye ciki ba. Abin da ake nema shi ne kewayen ƙugu ya gaza rabin tsawonka. Mai tsawon santimita 170, ƙugunsa ya kasance ƙasa da 85. Rubuta adadin a takarda, ka riƙa maimaitawa duk bayan mako biyu. Sikeli kuma a hau shi sau biyu ko uku a mako a lokaci ɗaya, a duba matsakaicin abin da ya nuna.

Mai hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya, ko mai juna biyu, su ga likita kafin su fara.

Mataki na biyu: gyara kwano

Rage kalori 300 zuwa 500 a yini ya wadatar, kuma wannan ke ba da ragin kusan kwata zuwa rabin kilo a mako. Wurin da ya fi sauƙin samo su shi ne abin sha da mai. Kwalbar lemo mai santilita 50 tana da kalori wajen 210. Cokalin cin abinci ɗaya na mai, na gyaɗa ne ko manja, kalori 120 ne, kuma wanda ke kwarara mai a garau-garau da ido yakan zuba uku ko huɗu bai sani ba. Haka shayin safe mai madarar gwangwani da suga, da furar da aka cika wa suga, da zoɓo da kunun aya na sayarwa. In ka daina lemo ɗaya a yini, ka rage cokali biyu na mai, ka riga ka cire abin da ya kai gudun kilomita biyar.

Tuwo da shinkafa ba sai an daina su ba. A rage malmala, a ƙara miya mai ganye, kwaɗon zogale ko rama, da abinci mai gina jiki. Mai ɗaga nauyi yana buƙatar furotin kusan giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyin da yake son kaiwa. Mai neman kilo 75 zai nemi wajen giram 120 a yini. Ƙwai ɗaya yana da giram 6, giram 100 na dafaffen naman kaza marar fata yana da kusan 30, kofin dafaffen wake kusan 13, kofin nono kusan 8. Wake, ƙwai, awara da busasshen kifi su ne masu sauƙin kuɗi, sai dai awarar da aka soya ta riga ta sha mai.

Mataki na uku: ɗaga nauyi sau biyu ko uku a mako

Nan ne ya kamata a fi natsuwa, domin kuskure a nan yana iya jawo rauni. Ba dole sai an je gidan motsa jiki ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka jarka mai lita 10 kilo 10 ce, haka ma jakar fiya wata mai ƙulli 20. Jarka tana da wata fa'ida: kana iya ƙara nauyinta da lita ɗaya-ɗaya.

Fara da ɗumama jiki na minti biyar, tafiya a wuri ɗaya da juya kafaɗu da kwankwaso. Daga nan sai motsi biyar.

Na farko tsuguno. Rungume nauyin a ƙirji, ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ka sauka kamar za ka zauna a kujera har cinya ta yi daidai da ƙasa, sannan ka miƙe. Diddige kada ya ɗaga, gwiwoyi kada su karkato ciki su haɗu. Mai nauyin jiki sosai ya fara da zama a kujera da tashi ba tare da dafa komai ba.

Na biyu ɗauko nauyi daga ƙasa. Ajiye jarkar tsakanin ƙafafunka, tura ɗuwawu baya, gwiwa ta ɗan lanƙwashe, gadon baya a miƙe, ka kama ka miƙe tsaye. Ya kamata ka ji aikin a bayan cinya da ɗuwawu. In a ƙasan baya kake jin sa, to ka ranƙwafa ne, ko nauyin ya yi nisa da ƙafarka. Wannan kuskuren yana iya kawo ciwon baya.

Na uku tura jiki daga ƙasa da hannuwa, jiki a miƙe sambal daga kai zuwa diddige. Wanda bai iya ba ya dafa bango, in ya saba ya koma dakali ko benci, daga baya ya sauka ƙasa. Na huɗu jan nauyi: dafa benci da hannu ɗaya, ka jawo jarka da ɗayan zuwa kwiɓi, gwiwar hannu tana bin jiki. Na biyar ɗaukar jarka biyu masu nauyi ɗaya, ɗaya a kowane hannu, ka yi tafiyar daƙiƙa 30 zuwa 40 a miƙe.

Kowane motsi a yi shi zagaye uku, kowane zagaye sau 8 zuwa 12, da hutun minti ɗaya zuwa biyu a tsakani. A makon farko zagaye biyu ya isa. Nauyin da ya dace shi ne wanda in ka kai na goma kake jin saura biyu ko uku ka gaza. In kana iya yin sau 25 kana hira, wannan ba ɗaga nauyi kake ba. Ranar da ka cika 12 a dukkan zagayen ba tare da ka ɓata tsayuwarka ba, ƙara kilo ɗaya ko biyu. Rashin wannan ƙarin ne ke sa mutum ya shekara yana abu ɗaya jikinsa bai sauya ba. Ka saki numfashi lokacin da kake ɗagawa, ka shaƙa lokacin saukewa. Riƙe numfashi yana sa jini ya hau nan take. Kuma a bar kwana guda tsakanin ranakun ɗaga nauyi.

Ƙarfen unguwa da samari ke haɗawa da siminti a bokitin fenti yana aiki, amma sau da yawa gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi, kuma ba a iya rage shi don sabon shiga. Kada a kwanta a ɗaga shi sama da ƙirji ba tare da wani a tsaye a kai ba.

Mata da ke tsoron jikinsu ya murɗe irin na maza su kwantar da hankali. Sinadarin da ke kumbura tsokar namiji kaɗan ne a jikin mace, kuma ana cikin rage abinci ma tsoka ba ta girma da sauri. Duk motsin nan biyar ana iya yin su a tsakar gida.

Mataki na huɗu: kadiyo

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Mai son rage kitse ya nufi saman wannan adadi a hankali. Matsakaici shi ne wanda kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa. In kalma biyu ko uku kawai ke fita kafin ka ja numfashi, ka shiga mai tsanani.

Mai ƙiba ya fara da tafiya da sauri, minti 20 zuwa 30, ya riƙa ƙara minti biyar duk mako. Fara gudu a kan kwalta da kilo 100 da takalmi marar laushi shi ke kawo ciwon gwiwa da ƙwauri a mako na biyu, daga nan a ajiye komai. Bayan wata ɗaya ko biyu ana iya cakuɗawa: sassarfa minti ɗaya, tafiya minti biyu, sau takwas.

Ga yadda mako zai iya kasancewa: Litinin da Alhamis ɗaga nauyi, Talata, Laraba da Juma'a tafiyar minti 40, Asabar tafiyar awa guda, Lahadi hutu. In dole a haɗa su rana ɗaya, a fara da nauyi, domin ɗaga ƙarfe da gajiyayyun ƙafafu shi ke ɓata tsayuwa. Wanda ba shi da fiye da awa biyu a mako, ya ba nauyi minti 30 sau biyu, sauran ya yi tafiya, ya kuma riƙa zuwa masallaci da kasuwa a ƙafa maimakon hawa babur.

Inda ake samun matsala

Sikeli yakan tsaya cik, ko ma ya hau da kilo ɗaya, a makonni biyun farko. Ruwa ne tsoka ke riƙewa saboda sabon aiki, tef ɗin ƙugu ne zai faɗa maka gaskiya. Tsamin jiki da ke zuwa bayan kwana ɗaya zuwa uku ba rauni ba ne, tafiya a hankali tana sassauta shi. Amma zafi mai suka a gaɓa, ciwon ƙirji, jiri, ko fitsari ya koma baƙi kamar ruwan shayi bayan motsa jiki mai tsanani, waɗannan na asibiti ne ba tare da jinkiri ba.

Motsa tsokar ciki sau ɗari ba ya narkar da tumbi. Jiki ne ke zaɓen inda zai ɗebo kitse, kuma a wajen maza da yawa ciki ne na ƙarshe. Ɗaura leda ko bel a ciki, ko sa rigar sanyi a fita gudu, gumi kawai yake fitarwa, kuma da ka sha ruwa nauyin zai dawo. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, wannan ɗabi'ar tana iya kayar da mutum. A fita bayan sallar asuba ko dab da magariba, da gorar ruwa a hannu.

Babbar matsalar ita ce ramuwa. Mutum ya dawo daga gudu da yunwa ya zauna wajen mai shayi ya ci indomi biyu da ƙwai da burodi, ko kuma ya wuni a kwance saboda gajiya. Ƙarancin barci ma yana ƙara kwaɗayi, a nemi awa bakwai. In mako uku suka wuce sikeli da tef duk ba su motsa ba, a sauya abu ɗaya kawai: ko a rage kalori 150 zuwa 200, ko a ƙara tafiyar minti 15 a yini. In kuma nauyi na zuba fiye da kilo ɗaya a mako, ƙarfin ɗagawa yana raguwa, to ragin abincin ya yi yawa, a ɗan ƙara.

Da azumi, a mayar da ɗaga nauyi bayan buɗa-baki da awa ɗaya ko biyu, ko bayan tarawihi, a rage zagaye zuwa biyu amma a bar nauyin yadda yake. Tafiya marar tsanani ta minti 20 zuwa 30 kafin shan ruwa ba laifi ga mai lafiya. Mai ciwon suga da ke shan magani ko yin allurar insulin kada ya motsa jiki da azumi a bakinsa sai da izinin likitansa, domin suga na iya faɗuwa farat ɗaya.