Babi na 6: Sanin Faɗin Takalmi Sau-ciki

Darasi na 1: Lamba da harafi

Ku ɗauki takalmi sau-ciki, ku leƙa cikinsa ko ƙarƙashin harshensa. Za ku ga lamba, kamar 9 ko 43. Lambar nan tsawon ƙafa take nunawa, daga dunduniya zuwa kan yatsu. Tsawo kawai. Wani takalmin kuma yana da harafi kusa da lambar, kamar 9D ko 9F. Harafin nan shi ne faɗi.

A takalmin maza na Amurka, D shi ne matsakaici, E ya fi shi faɗi, EE ya fi E. A na Ingila kuwa F ne matsakaici, G mai faɗi, H ya fi G. Ku lura da E: a Amurka mai faɗi ne, a Ingila matsattse ne. Kada ku damu in kun rikice, kowa a nan yake rikicewa da farko. Masu lamba irin su 42 da 43 yawanci ba su da harafi, sai dai a gwada.

Darasi na 2: Awo

Ku bari sai da yamma, domin ƙafa tana ɗan kumbura bayan yawon yini. Ku sa safar da za ku riƙa sawa. Ku shimfiɗa takarda a ƙasa, ku taka ta, ku miƙe tsaye. Tsaye, ba zaune ba. Idan mutum ya tsaya nauyinsa yana sauka a ƙafa, sai ta baje. Wani ya zagaye muku ƙafar da fensir.

Yanzu ku taɓa ƙashin da ya ɗan turo a gindin babban yatsa. Ku taɓa na gindin ƙaramin yatsa. Tsakanin waɗannan biyun shi ne faɗin ƙafarku. Ba tsakiyar tafin ƙafa ba, ba kan yatsu ba. Gindin yatsu. Ku sake taɓawa. Madalla. Ku ja layi a takardar daga wannan ƙashin zuwa wancan, ku auna da tef irin na tela. Ku yi wa ɗaya ƙafar ma, ku riƙe awon wadda ta fi girma.

Sau uku na nuna wannan a aji, amma makon jiya har yanzu na ga masu aunawa a zaune, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Haba jama'a! A tsaye, a gindin yatsu. Wanda ya auna a zaune ya yaga takardarsa ya sake.

Darasi na 3: A kasuwa

Idan takalmi ya matse ku a gefe, kada ku ce a ƙaro lamba. Tsawo za a ƙara muku, dunduniya ta riƙa fita, ku kwana da bororo. Mai faɗi za ku nema. In shimfiɗar ciki tana ciruwa, ku ciro ta ku taka a tsaye. Idan gindin yatsu ya zarce bakinta, ku ajiye shi, ko da mai kaya ya rantse zai saki. Fata tana saki kaɗan ne kawai.

Darasi na 4

Ku gwada ƙafa biyu, ku ɗaure igiya, ku ɗan taka.

Aiki: ku rubuta awon faɗin ƙafarku, ku zo da takardar ranar Litinin.