Kurakuran da aka fi yi idan asma ta tashi wa yaro

Sau da yawa yaron da aka kawo sashen gaggawa cikin dare yana haki, tun da la'asar ƙirjinsa ya fara fito, iyayensa kuma suka zauna jiran gari ya waye. Wannan jinkiri ya fi yawa da hunturu, lokacin da ƙura da mura ke tayar da ciwon. Yaron da ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja numfashi, ko ya kasa shan ruwa ko kama nono, ko fatar tsakanin haƙarƙarinsa tana lotsawa, a kai shi asibiti a wannan sa'ar.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne ɗaukar shiru a matsayin sauƙi. Idan fiton ya ɗauke, yaro ya yi laushi yana gyangyaɗi, leɓensa ya canja launi, to hanyoyin iska ne suka tsuke har iskar da ke wucewa ba ta isa ta yi ƙara ba. Da yawa iyaye kan ce a bar shi ya huta, alhali a lokacin ne rayuwarsa take cikin haɗari.

Sai tsoron inhela, wato 'yar na'urar fesa maganin asma da ake shaƙa ta baki. An yi ta yaɗa cewa wanda ya fara shaƙa ba ya rabuwa da ita, don haka ake fifita salbutamol (maganin buɗe hanyoyin iska) na ruwa da ake sha, wanda ba ya aiki da wuri, ya kuma fi sa bugun zuciya da karkarwa. Ko waɗanda suka yarda da shuɗiyar inhela mai ɗauke da salbutamol, sukan fesa ta kai tsaye a bakin yaro, maganin ya tsaya a maƙogwaro. Daidai shi ne a zaunar da yaro a miƙe, a girgiza inhelar, a haɗa ta da bututun roba da ake kira sifesa, a fesa sau ɗaya, ya ja numfashi biyar ko shida, sannan a sake. Yaro ɗan shekara 6 zuwa sama ana iya ba shi feshi 4 zuwa 10, a maimaita bayan minti 20 ana kan hanyar asibiti. Inda babu sifesa, gorar ruwa ta roba mai cin mililita 500, da aka huda gindinta daidai bakin inhela, tana yin aikin, kuma a ganina ya kamata kowane gida mai yaro mai asma ya tanade ta.

Kada a kwantar da yaro rigingine, kada a turara masa hayaƙi ko a kunna maganin sauro kusa da shi, kada kuma a ba shi maganin tari mai sa barci. Allurar aminofilin da wasu masu kemis ke yi tana iya rikita bugun zuciya.

Ma'aikatan lafiya su ma suna da nasu kurakuran. Akan jinkirta prednisolone, alhali ya kamata a ba da shi cikin sa'ar farko, domin yana ɗaukar sa'o'i kafin ya sauke kumburin hanyoyin iska. Akan kuma rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da alamar nimoniya ba. A auna oksijin a yatsa tun da isowa, idan ya gaza kashi 94 cikin ɗari a sa wa yaro iska.

Bayan sallama, iyaye kan ajiye inhelar rigakafi, irin su beclomethasone, da zarar tari ya lafa. Ita ake shaƙa kullum, safe da yamma, ko da yaro yana ƙalau, a kuma koma wurin likita cikin kwana biyu ya sake duba ƙirjin.