Kurakuran da masu koyon dambe da karate ke yi da kayan tsakar gida

Rashin kuɗin shiga gidan motsa jiki bai taɓa hana mai zuciya koyon faɗa ba. A tsibirin Okinawa na Japan, inda karate ya samo asali, da tuluna da duwatsu masu ƙotar itace ake ƙarfafa hannu tun kafin malamin karate Gichin Funakoshi ya kai wasan Tokyo a 1922. 'Yan dambenmu ma ba a kan na'ura suka tashi ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, matasa da yawa sun ɗauka abin da ya fi tauri shi ya fi horar da jiki, sai su riƙa auna ci gabansu da yawan ciwon da suka kwana da shi.

A buhun yashi aka fi yin ɓarna. Yaro zai samo buhun shinkafa, ya ɗura masa yashi zalla, ya rataye a reshen darbejiya. Ranar farko da ɗan laushi. Kafin a jima yashin ya zauna a gindin buhu, raɓa ko yayyafi ya taɓa shi, ya koma kamar siminti. Hannun mutum kuwa ƙananan ƙasusuwa 27 ne aka haɗa, kuma na bayan ƙaramin yatsa shi ne ya fi saurin karyewa idan naushi ya sauka a karkace. Gyaran ba tsada. Ka je wurin tela ka roƙi yankakkun ƙyallaye, ko ka karɓo dusar katako a wurin kafinta, ka cika buhun da su. Yashi kaɗan za ka ƙulle a leda ka cusa a tsakiya don ya yi nauyi. Bayan ka ɗaure, danna da babban yatsa: in bai lotsa ba, kwance ka sake. Ka kuma ninka buhun biyu, domin ɗaya ba ya daɗewa yake yagewa.

Sai dukan buhu da hannu tsirara, wai jarumta. Ɗan damben da ya ga jiya ya ga yau ba ya shiga fage sai ya naɗe hannu da ƙyalle ya bi da zare, to kai wa ka fi? Tsohon rawani ko zane ya wadatar. Yaga shi siriri, tsawon kamar mita 4, ka fara naɗi daga wuyan hannu, don nan ne ke lanƙwashewa, sannan ka hau kan gaɓoɓin yatsu. In yatsun suka fara sanyi ko sagewa, ka matse da yawa.

Masu naushin bango da gindin bishiya sukan kafa hujja da abin da suka gani a bidiyo. Ba su lura da kyau ba. Katakon da 'yan karate ke kafawa a ƙasa suna naushi, wanda suke kira makiwara, an fiƙe samansa ne don ya riƙa lanƙwasa, kuma an naɗe shi da igiyar ciyawa. 'Yan damben Tailan da ake gani suna shurin bishiya, ayaba ce, jikinta ruwa ne da zare. Bangon bulo ba ya ba da kai, saboda haka duk ƙarfin da ka zuba masa cikin gwiwar hannunka da kafaɗarka yake dawowa. Mirgina kwalba ko taɓarya a ƙauri shi ma shirme ne, ƙurji da kumburi kawai yake bari. Tsohuwar tayar mota ta fi, amma ka shafa ta tukuna ka tabbatar waya ba ta fito ba, ka kuma huda ƙasanta kada ruwa ya kwanta ka buɗe wa sauro gidan haya.

Kar ka koyi faɗuwa ko kayar da abokinka a kan daɓen siminti, ko da an shimfiɗa tabarma. Gasar takobi ta kokawa da Nijar ke yi tun 1975 a kan yashi ake yin ta, kuma waɗancan ƙarti ne da suka ƙware. Nemi fili mai yashi, ka tsince ƙusa da fasasshiyar kwalba. In za ka faɗi, ka manna haɓa a ƙirji, kar ka miƙa hannu don ka tokare ƙasa.

Jarkar lita 25 cike da ruwa kilo 25 ce, ba wasa ba. Ka durƙusa ka ɗauka da ƙarfin cinya, bayanka a miƙe. Gwangwanayen kankare da ake kafawa a bakin ƙarfe kuma da wuya su zo nauyi ɗaya, sai ka ga kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya wahala. A auna su kafin a fara. Naushin iska da dutse a hannu ba ya ƙara ƙarfin naushi, domin nauyin ƙasa yake ja, naushi kuwa gaba yake tafiya.

Mai koyon sanda ya bar taɓarya, ta yi nauyi. Sandar 'yan Okinawa kusan mita 1.8 ce, gora madaidaiciya za ta yi. Ka dubi fanka da igiyar shanya da yaran gida kafin ka wulwula. Wuƙa da lauje kuwa a bar su inda suke, jarida naɗaɗɗiya ta isa gwaji.

Akwai kuma abin da buhu ba zai taɓa koya maka ba: ba ya ramawa. Wanda ya daɗe yana dukansa shi kaɗai yakan saba da sauke hannun kariya, ranar da ya haɗu da mutum sai ya sha mamaki. Cusa ƙwallo a safa, ka rataye a igiya daidai fuskarka, ka tura ta kana kaucewa. Jingina waya a taga ka ɗauki kanka, za ka ga inda haɓarka take a buɗe.

Ciwon tsoka na kwana biyu ba komai ba ne. Amma idan bayan hannu ya kumbura, ko gaɓar yatsa ta nutse, ko ka kasa dunƙule hannu, ka dakatar da atisaye ka je asibiti a ɗauki hoton ƙashi kafin kowa ya ja maka shi.