Babi na Shida: Yadda Ake Tsare Motar Kwana Daga Zafi da Sanyi

Motar kwana ita ce motar da aka gina ɗaki a cikinta: ga gado, ga wurin girki, ga tankin ruwa, wata ma har da banɗaki. Wata da injinta take tafiya, wata kuma tirela ce da ake ɗaura wa mota ta ja. A Amurka da Turai da Ostireliya mutane na yawon hutu da ita, wasu ma a cikinta suke zaune dindindin. Duk wanda ya taɓa kwana a ciki ya san halinta: da rana kamar tanderu, da asuba kamar firiji.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Bangon gida yakan kai kaurin santimita 20 ko fiye, na motar kwana kuwa sau da yawa bai wuce santimita 3 zuwa 5 ba, kuma akwai ƙarfe a jikinsa. Da yawa idan zafi ya ishe su sai su ruga sayen babbar na'urar sanyaya ɗaki. Wannan zuba ruwa ne a kwando. A fara toshe inda zafin ke shiga tukuna, sannan a yi maganar na'ura.

Ta ina zafi ke bi?

Zafi ba ya zama wuri ɗaya. Kullum daga inda ya yi yawa yake gangarawa inda ya yi kaɗan. Lokacin zafi yana kutsowa cikin mota, lokacin sanyi kuma ɗumin da kuka tara ne ke sulalewa waje. Ku sa cokalin ƙarfe a ruwan zafi, ba da jimawa ba mariƙinsa zai ƙona ku: haka zafi ke bin jikin ƙarfen mota. Yana kuma hawa kan iska ya shigo ta kowace 'yar kafa. Hanya ta uku ita ce haske, irin yadda rana ke dukan fuskar mutum ta bayan gilashi ko da babu iskar da ta taɓa shi. Kowace hanya da maganinta, kuma maganin wata ba ya yi wa wata.

Ku fara da bincike

Kafin ku sayi komai, ku ba motar dare ɗaya. Mutum ɗaya ya shiga ciki ya kashe fitilu, ɗaya ya zagaya waje da tocila yana haska gefen ƙofa da tagogi da ƙofofin akwatunan kaya. Duk inda na ciki ya ga haske ya leƙo, nan iska ke shiga, sai ya sa alama da alli. Bayan haka ku rufe ƙofa a kan takarda, ku ja ta. Idan ta zame ba gardama, robar ƙofar ta mutu, sai a canja ta. Ku duba ƙarƙashin wurin wanke-wanke da bayan banɗaki, inda bututu da wayoyi suka huda daɓe. Masu haɗa mota sukan bar ramin ya fi bututun faɗi, wani har yatsa biyu na shiga. Irin waɗannan ana cike su da silikon ko kumfar feshi. Amma ku kula: akwai ramukan da aka bari da gangan, kamar na ƙasan akwatin tukunyar gas da na bayan firiji da na hayaƙin hita. Waɗannan ba a taɓa su.

Tagogi da rufi

Masu gini suna auna ƙarfin abin da ke tare zafi da wata lamba da ake kira R. Idan lambar ta fi girma, abin ya fi tarewa. A lissafin da ake yi da shi a Amurka, gilashi mai falle ɗaya bai wuce R 1 ba, wato kusan babu. Don haka taga ita ce babbar ƙofar zafi, gilashin gaba kuma shi ne ubansu.

Mafi sauƙin magani shi ne takardar alminiyam mai ƙyalli, irin mai kumburin iska a tsakiya. A auna taga, a yanka takardar ta ɗan fi tagar da kamar santimita ɗaya don ta kama da kanta. Aikinta mayar da hasken rana inda ya fito, kuma ba ta yin wannan aiki sai fuskarta mai ƙyalli tana kallon sarari. Na sha ganin masu manna ta a jikin ƙarfe su danne da katako, suna murna sun gama. Asarar kuɗi ce kawai, domin idan babu ratar iska ta kamar santimita 2 a gabanta, ƙyallin ya tashi a banza. Abin da ya fi duka shi ne a tare rana tun daga waje: mayafin da aka lulluɓe gilashin gaba da shi ta waje ya fi na ciki aiki, domin zafin bai ma samu shiga ba balle a kore shi. Labule mai kauri tsakanin kujerar direba da ɗakin kwana shi ma ba ƙaramin taimako yake yi ba.

Rufi shi ke shan rana tun hantsi har la'asar. Farin fenti na mayar da haske, baƙi na shanye shi, saboda haka rufi fari kuma wankakke ya fi sanyi. Ƙofar iskar da ke saman yawancin waɗannan motoci inci 14 ce kowane gefe, murfinta kuma siririyar roba ce kawai. Ku yanka soso daidai bakinta ku cusa lokacin da ba ku amfani da ita.

Abin da ake cusawa cikin bango

Wannan aiki na wanda ke gina motarsa ne tun daga farko, ko wanda ya riga ya ɓalle allunan ciki don gyara. Audugar gilashi tana ba da kamar R 3 a kowane inci, sai dai girgizar hanya na sa ta zube ƙasa ta bar saman bango fayau, kuma idan ta jiƙe ba ta da sauran amfani. Gashin tumaki yana kusa da ita a lamba, ya kuma fi ta jure laima. Allon kumfa mai tauri yana ba da R 4 zuwa 6, gwargwadon irinsa, kuma shi na fi so a daɓe da bango miƙaƙƙe. Kumfar feshi mai toshe iska ta kai R 6, tana shiga kowane lungu, amma idan aka cika ta takan kumbura ta lanƙwasa jikin mota, ta kuma binne wayoyi yadda mai gyara zai sha wuya nan gaba. Duk dangin kumfa suna cin wuta, kada su kusanci salansa ko hita.

Ga wani abu da ake yawan mantawa. Ko kun cike bango taf, haƙarƙarin ƙarfen da ke riƙe da shi ya zama gada, zafi na bi ta kansa ya tsallake duk abin da kuka cusa. Alminiyam ya fi katako saurin ɗaukar zafi sama da sau dubu. Da safiyar sanyi ku shafa bango da tafin hannu, za ku ji layi-layi masu sanyi, wani lokaci ma ku ga raɓa ta jeru a kansu. Maganinsa a shimfiɗa siririn soso a kan ƙarfen kafin a ɗaura allon ciki.

A bar ta ta yi numfashi

Nan ne darasin ya fi nauyi, ku karanta shi sau biyu. Motar da aka toshe ruf ba ta ƙara lafiya ba, sabuwar cuta ta ɗauko. Numfashin mutum ruwa ne, tururin girki ruwa ne, tawul ɗin da aka shanya a ciki ruwa ne. Gas ma haka: kilo ɗaya na gas ɗin girki da ake kira furofen idan ya ƙone yana fitar da ruwa sama da kilo ɗaya da rabi. Duk wannan tururi yana yawo har ya tarar da wuri mai sanyi, sai ya koma ruwa. Wanda ya sauka a gilashi kun gan shi, kun goge. Wanda ya sauka a bayan allon bango ko ƙarƙashin katifa fa? Shi ne ke zama funfuna da tsatsa da ruɓaɓɓen katako, ba ku sani ba sai wari ya tona asiri.

Don haka ko da sanyi na cizo, a bar ƙofar sama a ɗan buɗe, da wata taga kamar faɗin yatsa. A kunna fankar sama duk lokacin girki da wanka. A sa 'yan sandunan katako ƙarƙashin katifa don iska ta ratsa. Ƙaramin ma'aunin laima zai nuna muku halin da ake ciki: idan ya daɗe sama da kashi 60 cikin 100, ku ƙara buɗewa.

Kada a taɓa kunna murhun girki don ɗumama ɗaki, kada kuma a shigo da garwashi. Wutar da ke ci a rufaffen wuri na fitar da iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci. Hitar da ta dace ita ce wadda ke jawo iskar ƙonawa daga waje, ta kuma fitar da hayaƙinta waje, ko ta gas ce ko ta dizal. A kafa ƙararrawar da ke gano wannan guba kusa da wurin kwana, a riƙa gwada ta.

Ranar zafi da daren sanyi

Inda kuka ajiye mota rabin aiki ne. Ku nemi inuwar da za ta rufe ku da yamma, ku juya gefe mai yawan tagogi daga rana, ku ware rumfar gefe. Iska mai zafi sama take hawa, saboda haka fankar sama ta riƙa tura ta waje, ku buɗe taga ta ɓangaren inuwa don sabuwa ta shigo. Na'urar sanyaya ɗaki ba ta wuce rage kamar digiri 10 na ma'aunin Salshiyas daga iskar da ta shaƙa a kowane zagaye, don haka a kunna ta tun da hantsi kafin bango da kujeru su ɗau zafi, a kuma riƙa wanke matacinta. Motar da aka rufe a rana takan ƙara kusan digiri 10 cikin minti 10 kacal. Ba a barin yaro ko dabba a ciki, ko da "yanzu zan dawo" ne.

Da sanyi kuwa ƙasa ce ke cin amana. Darduma a daɓe, da zagaye ƙarƙashin motar da tamfol ko allon kumfa idan za a daɗe a wuri ɗaya, suna hana iska sharar ɗumi. Ruwa na daskarewa a digiri 0, ya kumbura da kamar kashi 9 cikin 100, wannan kuma ya isa fasa bututu. A naɗe bututun da ke waje da soso, a bar ƙofofin kabad a buɗe da dare don ɗumi ya kai ga na ciki. Batirin lithiyam ba a yi masa caji idan sanyi ya kai ƙasa da digiri 0, yin hakan na lalata shi.

Aikin gwaji

Ku samo ma'aunin zafi. Ku rubuta abin da ya nuna a cikin mota da kuma a inuwar waje da ƙarfe 2 na rana. Kashegari ku lulluɓe tagogin da ke kallon rana, ku kunna fankar sama, ku sake aunawa a daidai wannan lokaci. Ku ɗebe ƙaramar lambar daga babbar a kowace rana, ku rubuta amsar a littafinku. Sannan ku rubuta jimla uku a kan wannan tambaya: waɗanne ramuka ne a jikin motar kwana ba a toshewa, kuma don me?