Yadda ake gwada walda a kwamfuta kafin a taɓa bututun gas mai aiki

Akan yi walda a jikin bututu gas na gudu a ciki, don fitar da reshe ko ɗaura faci inda tsatsa ta ci, saboda rufe layi yana tsayar da tashoshin lantarki da masana'antu. Haɗarin biyu ne, kuma maganin ɗaya shi ke jawo ɗayan. In zafi ya yi yawa, ƙarfe ya yi laushi, matsin gas ya huda shi. In ya yi kaɗan, gas mai wucewa ya kwashe zafin nan take, wurin ya yi tauri, daga baya haidirojin da ya shiga ƙarfen lokacin walda ya tsaga shi. Tsakiyar ake nema a kwamfuta.

Fara da auna kaurin bututun a daidai inda za a yi aikin, da na'urar da ke aunawa da sauti. Kada ka yarda da kaurin da ke takarda, tsatsa ba ta aiko da rahoto. Daga milimita 6.4 zuwa sama hudewa ba ta cika faruwa ba in sandar waldar mai ƙarancin haidirojin ce. Ƙasa da haka sai a yi hattara. Ka karɓi matsin gas da saurin gudunsa daga masu kula da layin, ka san yawan kabon da ke cikin ƙarfen.

Sai lissafin zafi: bolt na injin walda sau amfiyarsa sau 60, a raba da milimitocin da mai walda ke ci a minti, a sake rabawa da 1000. Abin da ya fito kilojul ne a kowace milimita.

Zuba waɗannan a manhaja. Akwai ta PRCI, ƙungiyar binciken bututu a Amurka, wadda aka gina musamman don wannan aiki. Masu manhajojin injiniya irin su Abaqus ko ANSYS kan zana bututun da kansu, su kwaikwayi wutar da samfurin lissafi na Goldak na 1984. Lamba biyu za ka duba. Zafin fuskar ciki kada ya haura digiri 982 a ma'aunin Salsiyos, ko 760 in sandar mai selulos ce. Ɗayar ita ce daƙiƙun da ƙarfe ke ɗauka ya huce daga 800 zuwa 500, don daga nan ake hasashen tauri, kuma an saba riƙe 350 a ma'aunin tauri na Vickers a matsayin iyaka. Ka yi ta sauya amfiya da saurin hannu har duka biyun su shiga iyaka. In sun ƙi, a nemi masu layi su sauya gudun gas, ko a shirya walda layi bisa layi yadda na sama zai tausasa na ƙasa.

Ni dai ba na sa hannu a kan sakamakon kwamfuta kaɗai. A je wurin, a ɗumama ɗan fili da wutar gas zuwa digiri 300, a ƙirga lokacin hucewa daga 250 zuwa 100, a kwatanta da abin da manhaja ta ce. Sannan a gwada tsarin a guntun bututu da ruwa ke gudu a ciki, bisa ƙa'idar waldar bututu ta API 1104. Bayan aikin gaske kuma kada a yi gaggawar duba tsaga, ta haidirojin kan ɗauki kwana ɗaya ko biyu kafin ta bayyana.